Ƙafafunsa da Ƙuguna

Masu aiko min saƙo suna tambaya ko soyayya ta ramar da ni, amsar ita ce a'a. Ina nan yadda kuka bar ni.

Waɗanda yau suka fara karantawa, ga ni a taƙaice. A gida Ƙarama ake ce min, saboda ni ce auta, ba don wani dalili da ido zai iya gani ba. Tela ce ni, a waya na koyi ɗinki, kuma mata masu jiki irina kaɗai nake yi wa, domin ni na san inda riga take cin amanar mutum. Wanda zai aure ni mai gyaran wuta ne, irin mutumin da yake canza ƙwan fitila bai nemi kujera ba. A wayata Tsani na sa masa. Ya gani, ya ce aƙalla ina da abin hawa.

To, kakarsa da ta raine shi ta ce ba za a tsayar da maganar aure ba sai ta gan ni da idonta. Garin da take kuwa, in a mota ne sai an kwana a hanya. Aka ce jirgi za a hau: ni, da shi, da mahaifiyarsa.

Bari in gabatar muku da mahaifiyarsa. Mami ake ce mata, ita ta zaɓa wa kanta. A falonta akwai ɗan jirgin roba a kan talabijin, akwai akwatin da har yau ba a cire masa takardar filin jirgi daga hannu ba, takardar ta yi ja don tsufa. Duk hirar da aka ɗauko, ko ta tsadar albasa ce, sai ta kai ta ga "lokacin da muke yawan fita". Ranar da na fara zuwa gaishe ta, ba ni ta kalla ba, kujerar da na zauna a kai ta kalla.

"Sannu," ta ce wa kujerar.

Tun daga ranar nake tsoronta. Ni kuma ban taɓa hawa jirgi ba. Ba faɗowa nake tsoro ba, wannan na Allah ne. Zama nake tsoro.

Muna da wani guruf a waya, ni da kwastomomina, sunansa Mu Masu Auki. A nan ake faɗin gaskiyar da ba a faɗa a waje: wane asibiti ne ma'auninsa yake a tsakiyar jama'a, wane ɗakin taro ne kujerunsa suke da hannu. Na rubuta, "Jama'a, jirgi zan hau da surukata. Wanne zan zaɓa?"

Kafin in ajiye wayar saƙonni sun fara sauka kamar an buɗe famfo. Ba sa kiran kamfanonin da sunansu, kowanne da laƙabin da suka sa masa. Akwai Matsattse. Akwai Mai Shela, wanda in ka nemi ƙarin bel ɗin ɗaure kai a kujera ma'aikaciyarsu take ɗago shi sama tun daga gaban jirgi, kamar ta tsinci ɗankwali tana neman mai shi. Akwai kuma Mai Sirri.

Shugabarmu, Anti Mai Turare, wadda take zuwa saro kaya, ita ta aiko min saƙon murya mai tsawo.

"Ƙarama, Mai Sirri za ki hau. Kujerarsu ta ɗan fi faɗi, hannun kujerar kuma yana ɗagawa. Ki kama ta taga, can baya. Kina shiga, tun a bakin ƙofa, ki raɗa wa yarinyar da take tarbar fasinja cewa kina son ƙarin bel. Za ta kawo miki shi a naɗe, ta saka miki a hannu kamar tana gaishe ki. Amma ki ji ni da kyau. Duk abin da za ki yi, kada ki zauna a layin ƙofar gaggawa. Hannun kujerar can ba ya motsi, tebur ne a cikinsa, ya cinye wurin ƙugu. Kuma su a dokarsu mai ƙarin bel ba ta zama a nan. Tashin ki za su yi a gaban kowa. Ni an yi min. Har yau in na tuna sai na nemi ruwa."

Na tura wa Tsani sunan kamfanin kawai. Ban ce masa don me ba. Na ce an ce suna da tsafta.

Ina cikin yanka wata doguwar riga saƙonsa ya shigo.

"Albishirinki, ranki ya daɗe."

"Ina ji."

"Na samu kamfanin da kika ce. Kuma kin san me? Na ƙara kuɗi na kama mana layin ƙofar gaggawa, mu ukun. Karo na farko a rayuwata zan miƙe ƙafa a jirgi."

Ya biyo da hoton wurin. Fili ne a gaban kujerun, har akuya za a iya ɗaurewa. Ni kuwa hannayen kujerun na zuba wa ido, ƙarfe ne tun daga sama har ƙasa, babu ko 'yar kafa.

Almakashin ya shige cikin yadin mutane inda ban yi niyya ba.

Ku fahimce ni. Tsani ya taɓa faɗowa daga kan falwaya, gwiwarsa ta hagu har yau da ƙarfe a ciki. Ya taɓa ba ni labarin wata tafiya da ya yi a kujerar baya, ya ce da aka sauka sai da aka kama shi ya miƙe. Mutumin nan bai taɓa roƙona komai ba. Yanzu yana murna kamar yaron da aka saya wa keke, ni kuma in ce masa ya naɗe ƙafarsa ya mayar aljihu saboda ƙuguna?

Na rubuta, "Akwai wata 'yar magana." Na goge. Na rubuta, "Ka san dai ni ba ƙarama ba ce." Na goge. A ƙarshe na tura masa, "Ma sha Allah."

Na shiga intanet na nemo faɗin kujerar, na ɗauko tef ɗina na awo na gwada. Faɗin kujerar ya ƙare, ni ban ƙare ba.

Da na kai wa Umma maganar, tana ninke kayan wanki, ko ɗagowa ba ta yi ba.

"Ba za ki ce masa komai ba."

"Umma, tashina za a yi."

"Ke za ki kai wa namiji tallar ƙugunki tun kafin a ɗaura? Uwarsa tana neman abin da za ta riƙe, ke kuma ki miƙa mata da hannu biyu? 'Yan'uwanki duk sun tafi, ke kaɗai kika rage min a ɗaka. Ki matse ki shiga."

Ta kira ƙanwar Abba, wadda muke ce wa Gwaggo. Gwaggo ba ta taɓa wuce tashar mota ba, amma babu abin da ba ta da ra'ayi a kansa. Ta zo da wani belin matse ciki, baƙi, mai ƙugiyoyi a jere kamar haƙoran kifi.

"Wannan daga waje aka kawo shi," ta ce. "Matar wani babban mutum ce ta ba ni. Da shi ta shiga rigar 'yarta."

"Ta fito kuwa, Gwaggo?"

"Bakinki ne zai hana ki aure, ba jikinki ba. Ɗaga hannu."

Aka yi gwaji a tsakar ɗaki. Suka jawo firji suka matso da shi kusa da kabad, suka sa kujerar roba a tsakani, wai wannan ne jirgi. Gwaggo ta sa gwiwa a bayana tana jan ƙugiya, Umma tana cewa in riƙe numfashi. Na riƙe. Na shiga tsakanin firji da kabad, na zauna. Gwaggo ta ɗauko tsohon bel ɗin wandon Abba ta zagaya min, ya kai da ƙyar.

"Kin gani? Jirgi ya tashi."

Ina son in ce mata Abba ma ba siriri ba ne, amma babu iskar da zan faɗa da ita.

Kwanakin da suka rage ruwan zafi da lemon tsami aka ɗora ni a kai. Abin da ya ragu a jikina shi ne haƙuri. Na ɗinka wa kaina doguwar riga ruwan toka mai duhu, yadi mai santsi, da tunanin ko zan zame in shige. Na zaɓi mayafi mafi girma da nake da shi. Wannan kuma da dalili, za ku ji.

Ranar tafiya da safe suka zo ɗaukata. Mami tana gidan gaba, ta riga ta sa matashin wuya tun daga gida, ga tabarau a saman goshi, ga turaren da ya riga ta fitowa daga mota. Na durƙusa na gaishe ta, belin Gwaggo ya soke ni a haƙarƙari.

"Mami, ina kwana. Kun tashi lafiya?"

"Lafiya. Ba ki taɓa hawa ba ko? Ki dinga kallon abin da nake yi kawai."

A filin jirgi ban ga komai ba. An ce akwai shaguna, an ce akwai wani matattakala mai tafiya da kansa. Ni dai ina bin bayan Tsani ina kallon ƙugun duk wadda ta wuce, ina auna ta da ido. Tafin hannuna ya jiƙe har katin shiga ya yi laushi.

"Lafiya dai?" ya tambaye ni. "Kin yi shiru. Ban saba ba."

"Ina tanadin magana ne saboda Kaka."

A bakin ƙofar jirgi ga ma'aikaciyar nan tsaye, siririya kamar a saka ta a ambulan. Nan ne Anti Mai Turare ta ce in yi raɗa. Na buɗe baki. Sai na ji numfashin Mami a ƙeyata.

"Wuce mana, 'yar nan, kin tare hanya."

Na wuce.

Ni aka ba ta jikin ƙofa, Mami a tsakiya, shi a bakin hanya. Ya zauna ya miƙe ƙafafun nan har ƙarshe, ya lumshe ido, ya ce, "Alhamdulillahi." Ban taɓa jin mutum ya gode wa Allah da gaske haka ba.

Ni kuma na juya, na saita, na sauka a hankali. Yadin santsin ya yi aikinsa rabi. Ƙarfen dama ya kama ni, na hagu ya kama ni, na danna har na ji kujera a ƙarƙashina. Na shiga. Yadda zan fita kuma ban sani ba.

Na jawo bel. Na ja har ƙarshensa. Na riƙe numfashi irin na tsakanin firji da kabad. Bakin ƙarfen biyu suna kallon juna, tsakaninsu bai fi tafin hannu ba, amma ko da rarrashi ba za su gaisa ba.

Sai na yi abin da na shirya tun a gida. Na baza mayafin a cinyata, na riƙe kan bel ɗin biyu a ƙarƙashinsa da hannu ɗaya, na kalli gaba kamar mai sauraron wa'azi. Zuciyata tana dukan belin Gwaggo, belin yana ramawa.

Ma'aikaciyar ta zo ta tsaya a filin gabanmu.

"Ku ne a bakin ƙofar gaggawa. In wani abu ya faru, za ku iya taimakawa a buɗe ta?"

"Mun saba," in ji Mami.

Yarinyar ta duba bel ɗin Tsani, ta duba na Mami. Ta zo kaina.

"Anti, a ɗan ɗaga mayafin in gani."

Jama'a, na taɓa ɗinke yatsana da keke, allura ta shiga ta farce ta fito ta ƙasa. Ban ji abin da na ji a wannan lokacin ba. Na ɗaga.

Gaskiya Mai Sirri sun ci sunansu. Ta sunkuyo har kunnena, ta ce a hankali, "Kada ki damu, zan kawo miki ƙari. Sai dai ba a zama da shi a wannan layin. Akwai wuri a baya, babu kowa a kai."

Amma kunnen Mami a kafaɗata yake.

"Me ya faru? Me ta yi?"

"Babu komai, ranki ya daɗe, canjin wuri ne."

Mami ta sauke tabarau daga goshi ta sa a ido, ta kalli hannuna da yake riƙe da bel ɗin da bai haɗu ba. Ta daɗe tana kallo. Da ta zage ni da ya fi min sauƙi.

Ban kalli Tsani ba. Na dafa, na ja, kujerar ta sake ni da wata ƙara da na tabbata an ji ta har wurin matuƙi. Na bi hanyar nan zuwa baya a karkace, ina ba mutane haƙuri, jakata tana bugun kafaɗu. Kowa ya sunkuyar da kai ga wayarsa, irin sunkuyawar da ke nuna an gani. A raina ina lissafin yadda zan gaya wa Umma, da yadda zan mayar masa da keken ɗinkin da ya saya min, da ko Kaka za ta ji labarin kafin mu sauka ko bayan mun sauka.

Layin ƙarshe, kusa da banɗaki. Na zauna ta taga, na ɗaga hannun kujera, ya ɗagu. Yarinyar ta zo ta saka min abin a tafin hannu a naɗe, kamar tana gaishe ni. Na ɗaura. Ya kai har da saura. Na juya fuskata ga taga don kada hawayen ya sami 'yan kallo.

Sai na ji wani ƙum, wani ya ce, "Sannu, malam, kanka."

Tsani ne yake tahowa, a sunkuye, yana shafa goshi. Ya zo ya tsaya a kujerar bakin hanya, ya dube ta kamar yadda na dubi tawa ɗazu. Sannan ya fara naɗe kansa. Ƙafar dama ta shiga. Ta hagu sai da ya kama ta da hannu biyu ya cusa, gwiwar ta tokare bayan kujerar gaba, na ga muƙamuƙinsa ya motsa.

"Koma wurinka," na ce.

"Tun yaushe kika sani?"

"Tun ranar albishir."

"Shi ne kika ce min ma sha Allah."

"To me zan ce? Gwiwarka."

"Gwiwata ta saba da ni. Ke ce ban saba ganin bayanki kina tafiya ke kaɗai ba." Ya gyara zama, bai gyaru ba. "Daga yau in za mu sayi wani abu, ko tabarma ce, da tef ɗinki za mu je."

Sai turare ya iso.

Mami ce tsaye a kanmu, matashin wuyan ya karkace, jaka a ƙirji. Daga baya na ji abin da ya faru: da aka bar ta ita kaɗai, yarinyar ta fara nuna mata yadda ake jan hannun ƙofar, a ɗaga ta, a tura waje. Mami ta tambaya, waje ina?

"Tashi in shiga," ta ce wa ɗanta. "Ba a ɗaura aure ba, ba zan bar ku ku biyu a lungu ba."

Ya warware, ta shiga tsakiya, ya sake naɗewa. Ta kai hannu za ta sauke hannun kujerar da ke tsakanina da ita. Ya sauko rabi, ya tarar da ni, ya tsaya. Ta danna. Ina nan. Muka kalli juna, karo na farko tun da na san ta, ni ɗin ta kalla ba kujera ba.

Jirgin ya fara gudu.

Ban san haka abin yake ba. Ƙara ta cika kunnena, kujera ta tura ni baya, ƙasa ta karkace a taga. Ina shirin fara salati sai na ji an riga ni. An kuma kama damtsena da hannu biyu, farce ya shige har cikin nama.

Mami ce. Idonta a rufe gam, tabarau ya faɗo cinya. Ta ture hannun kujerar sama da gwiwar hannunta, ta matso, ta kifa fuskarta a kafaɗata gaba ɗaya.

"Kada ki motsa," ta ce cikin mayafina. "Don Allah kada ki motsa."

Ban motsa ba. Dama ba ni da wurin motsawa.

Sai da jirgin ya daidaita ta sassauta riƙon, amma ba ta saki ba. Tsani ya juya kansa wajen hanya, wai yana karanta takardar da ke aljihun kujera, a juye.

"Babansa haka yake," ta ce, ba ta ɗago ba. "Kamar ke. Shi nake riƙewa. Tun da ya rasu ban sake hawa ba."

Na ce, "Allah ya ji ƙansa."

"Amin." Hannunta ya sauka gefena, ya ci karo da ƙugiyoyin Gwaggo. Ta lalaba. "Mene ne wannan?"

"Na matse ciki ne, Mami."

"Wa ya sa ki?"

"Gwaggona."

"Gwaggon taki ta taɓa hawa jirgi?"

"A'a."

"Da an kashe fitilar bel ki shiga nan ki cire shi. Numfashinki nake ji kamar na mai hawan bene. Mutum ɗaya da na rasa ya ishe ni." Ta ɗauki tabarau ta mayar goshi, muryar Mamin falo ta dawo. "Kuma abin da kika gani a nan, a nan ya tsaya."

"Ban ga komai ba, Mami. Taga nake kallo."

Na cire belin Gwaggo a banɗakin da ya fi kabad ɗin Umma ƙanƙanta, na naɗe shi na tura can ƙasan jaka. Da na dawo ta sake kama damtsen, daidai inda ta bari, kamar ta sa alama.

Da aka ce za a fara sauka, riƙon ya ƙaru. Ta matso da bakinta kunnena.

"Dawowa a mota za mu yi, ni da ke. Shi ya bi jirginsa da ƙafafunsa."

"To, Mami."

"Kuma ki shirya. Tsohuwar nan da za mu je wurinta, ni ma har yau ba ta amsa gaisuwata da baki. Da kai take amsawa."

Na leƙa taga. Rufin gidaje yana ta girma, kuma a ƙarƙashin ɗaya daga cikinsu akwai matar da Mami take tsoro.